Tsohon da ke Saman Ƙofar Ɗaki na Uku

A layin masu kifi babu wanda bai san Baba Sanyi ba, ko da bai taɓa gaisawa da shi ba. Shi ne mutumin da za ka gani da tsakar rana, lokacin da kwalta ke narkewa tana kama takalmin mutane, ya fito daga kamfani cikin kwat biyu da hular ulu har kunne, yana hura hannu kamar wanda aka tono daga rami. Mai shayin bakin ƙofa yakan rantse cewa in Baba Sanyi ya tashi daga benci, sai an bar wurin ya sha rana kafin wani ya zauna, in ba haka ba mura. Ƙarya yake yi, amma ba ƙarya mai nisa ba. Tun yana saurayi ya shiga kamfanin yana ɗan dako, kwalin kifi a ka, ya yi ta jan jiki har aka damƙa masa makullan ɗakunan sanyi guda uku. A ciki gashinsa ya yi fari. Matarsa Inna takan ce ba furfura ba ce, ƙanƙara ce ta samu wurin zama.

Aikin ba shi da wuyar faɗa. Ya buɗe, ya rufe, ya san inda kowane kwali yake kwance. Sai abu guda da ya fi duka: ɓamɓarar ƙanƙara. Duk sanda aka buɗe ɗakin sanyi, iskar waje mai ɗumi takan faɗa ciki, ta hau sama, ta daskare a jikin silin da bango da bututu. In an bi ta kullum, da tafin hannu ma sai a share ta. In an ƙyale ta, dutse take zama. Shi ya sa duk wanda aka ba makulli, da guduma ake haɗa masa. Shekara da shekaru Baba Sanyi yana bin ta lungu-lungu, ba a taɓa kama shi da sakaci ba.

Kalanda ce ta ɓata shi.

Wani kamfanin waje da ke aiko musu da kifi ne ya cuso ta cikin kaya. Manaja ya yage shafukan da ke da hoton jiragen ruwa ya manna a ofis, ya jefar da ɗaya da ba komai a kai sai farar taswira mai ƙananan rubutu. Baba Sanyi ya tsince ta. Boko bai zauna masa sosai ba, yana dai iya karanta jikin kwali, don haka ranar hutu ya naɗe ta ya nufi shagon ƙanin matarsa. Ticha ake ce masa, don ya taɓa koyar da labarin ƙasa kafin ya gano cewa kayan gyaran babur sun fi alli ciyar da mutum.

Ticha ya ɗora tabarau a kan hanci ya duba, sai ya bushe da dariya.

"Mijin yaya, ai garinku ne. Ƙarshen duniya ke nan ta kudu. Ba kowa sai ƙanƙara, da wasu tsuntsaye masu tafiya kamar an ɗaure musu ƙafa. Ka je kawai, ba sai ka sayi kwat ba."

"Bar shirme. Waɗannan rubuce-rubucen fa, garuruwa ne?"

"Wane gari? Duwatsu ne da kogunan ƙanƙara. Waɗanda suka auna wurin sun tarar da duwatsu birjik, ba mai su, ba wanda ya taɓa kiransu da komai. Sai suka ce to, a wannan yankin bari mu ɗauko sunaye daga sama. Ka ga wannan kogin, sunan tauraron Mushtari suka sa masa. Wannan gaɓar dutsen da ke gefensa suka ce Galileo, don shi ya fara hango watannin da ke kewaya Mushtari da madubin hangen nesa. Ga Herschel nan, ga Lassell. Duk masu ilimin taurari ne na da."

"Sun je wurin?"

"Ko a mafarki. Sun daɗe da zama ƙasa kafin a auna shi."

"Wato mutum ya yi ta kallon sama, in ya mutu a ba shi dutse."

"Ka gane ke nan. Ashe da sauran abin da bai daskare ba a kan nan naka."

Da wata rana ce, da Ticha ya sha ranƙwashi. Ran nan Baba Sanyi naɗe takardarsa kawai ya yi, ya hau kekensa.

Abin da Ticha bai yi tunani ba shi ne, uban Baba Sanyi ma mai kallon sama ne. Gadi ya yi a wani wurin sayar da katako har ƙarfinsa ya ƙare, bai taɓa ɗaura agogo ba. Da taurarin Kaza da 'Ya'yanta yake sanin inda shekara ta kai, da Gamzaki yake tashin mutane. Wuyansa har ya sandare a baya, in yana maka magana sai ka ce da wani na bayanka yake yi, wanda ya fi ka tsawo. Ya rasu ɗansa yana kan hanya, ya bi motar kifi zuwa wani gari. Ko da ya dawo an riga an rufe. Aka nuna masa kabarin, ya sa ido sosai don ya riƙe wurin, amma damina ɗaya ta baje komai. Daga nan in ya je sai ya tsaya tsakanin wasu tudu uku ya yi musu addu'a gaba ɗaya, wanda ya dace ya ɗauka. Ba hoto, ba gida, ko sandar gadin wani maƙwabci ya are ta bai dawo da ita ba.

Da wasa abin ya fara. Ɗaki na uku shi ne babba, kuma a bayan bututun hagu akwai wani tudun ƙanƙara da bai kai ga sarewa ba a makon. Wani ɗan dako ya shigo da kwalin kaji yana tambayar inda zai ajiye, sai Baba Sanyi ya ce, "Kai shi gindin Galileo."

"Gindin wa?"

Ya nuna masa. Kafin la'asar duk 'yan dako sun ji, suna ta shewa. Amma ka san ɗan dako, in abu ya rage masa tafiya da kaya a ka, ya riƙe shi ke nan. Da can sai an yi ta ihu, "Ciki, a'a, hagu, hagunka nake nufi ba hagun kakarka ba," mutum yana tsaye wuya na karyewa. Yanzu kalma ɗaya ta isa. Tudun da ke ƙarƙashin fanka ya zama Herschel. Wani siriri da ya zubo daga bututu har ƙasa ya zama Lassell. Helma, shugaban 'yan dako, da bai taɓa zama a aji ba, sai ga shi yana tsawa, "Wane ɗan iska ne ya jibge wa Herschel kifi a ciki?" Manaja ya ga lodi yana sauri, bai tambayi dalili ba.

Sai dai in ka sare Galileo, gobe ina za a ce a ajiye kaji? Don haka guduma ta koma yin aski. A ɗan rage nan, a gyara can, a bar mutum da kamanninsa.

Na saman ƙofa daban yake. Robar ƙofar ɗaki na uku ta tsage ta sama, iska tana shiga ba dare ba rana, kuma Manaja kullum gobe zai sayo sabuwa. Ƙanƙarar wurin ta fi kowace saurin girma. Wata safiya Baba Sanyi ya kafa tsani ya hau da gudumarsa zai sauke ta. Yana sama, kai a ɗage, wuya ya fara yi masa zafi, sai ya tuna wani wuyan. Ya tsaya. Waɗancan an ba su duwatsu a ƙasar da ba su taɓa takawa ba. Ubansa kuwa, da ya kwana yana kallon taurari fiye da yadda za a ƙirga, ko tudun ƙasar da aka ba shi ruwa ya ƙwace.

Ya sauko da guduma a hannu, bai buga ba.

Helma ya ce, "Baba, shi wannan wane Bature ne?"

"Ba Bature ba ne."

"To wa za mu ce?"

Tun da aka haife shi bai taɓa kama sunan ubansa da baki ba, ba kuma ranar zai fara ba. Ya ce, "Tsoho."

Ba wanda ya yi dariya. Helma ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Washegari da zai shiga, ya ɗaga ido ya ce, "Tsoho, mun shigo," yaran suka yi dariya kaɗan. Bayan wata guda kowa yana faɗa, kuma ba mai dariya.

Shi Tsoho ko aski ba a yi masa. Ya kai girman akwati, ya kai girman firji, ya zo ya zama kamar an ɗaure saniya a silin, da wasu dogayen haƙora da suka zubo ƙasa. Akwai ƙwan lantarki a gefensa, ya bi a hankali ya haɗiye shi, kuma ƙwan bai mutu ba. In ka kunna fitilar ɗakin sai Tsoho ya haskaka daga ciki, wani haske mai shuɗi-shuɗi, kana ganin jijiyoyi a jikinsa. In an daɗe ana lodi ƙofa a buɗe, yakan yi wata ƙara, ƙas, kamar mutum ya miƙe gwiwa. Duk mai kaya a ka sai ya tsaya cak, sannan ya wuce da sauri.

Wanda ya fi kowa wucewa a ƙarƙashinsa shi ne Ango, mijin Auta, 'yar Baba Sanyi ta ƙarshe. Baba Sanyi ne ya samo masa aikin. An daɗe da shan biki, har cikin Auta ya tsufa, amma sunan ya ƙi sakinsa. Dogo ne, sai ya sunkuya don kada haƙoran Tsoho su tsefe masa kai. Ga shi da son a yaba masa a gaban suruki: shi ne farkon shiga, shi ne ƙarshen fita, kwali biyu yake ɗauka inda wasu ke ɗaukar ɗaya. Ko a ina ya haɗu da Baba Sanyi, a tsakar titi ne ko a bakin masai, sai ya durƙusa ya gaishe shi. 'Yan dako sukan ce wandonsa ta gwiwa yake mutuwa.

Ranar da bakaniken injin sanyi ya zo duba inji, ya sa kai ɗaki na uku, ya ɗaga ido, sai ya ja da baya har ya take ƙafar Helma.

"Baba, mene ne wannan?"

"Ƙanƙara ce."

"Na ga ba auduga ba ce. Ka san silin ɗin nan kwano ne da soso, ba kankare ba? Dubi yadda ya lotsa. Abin nan ya kusa nauyin ƙaramar mota. Ran da ya sauko a kan mutum, da shebur za a kwashe shi."

"Ya daɗe a nan, bai taɓa kowa ba."

"Sau ɗaya zai taɓa."

Bakanike bai tsaya a nan ba, ya wuce ofis. Manaja ya fito da kansa, ya leƙa daga nesa, hannu a aljihu. Ya ce babbar motar kaya tana tafe farkon mako, kafin ta iso yana son ya ga silin fes. Bai ce komai a kan robar ƙofa ba.

Maganar ta riga shi isa gida. Ya tarar da Auta ta zo, tana zaune a tabarma ta miƙe ƙafafun da suka kumbura, Ticha kuma ya zo cin abincin yayarsa kamar yadda ya saba.

Auta ta ce, "Baba, wai akwai wani abu a saman ƙofarku?"

"Wa ya faɗa miki?"

"Ba wanda ya faɗa. Maigidana ne ke dawowa da wuyansa jiƙe. Jiya yana barci ya kare kansa da hannu."

Inna ta dire kwano. "Mutum da hankalinsa, da furfurarsa, ya mai da ubansa ƙanƙara. Allah ya ji ƙan bawan Allah, yana can yana hutawa an rataye shi a silin."

"Ba ki san abin da kike faɗa ba."

Ticha ya haɗiye loma ya ce, "Mijin yaya, laifina ne da ban ƙarasa maka darasin ba. Su can da suka ba matattunsu duwatsu, sun zaɓi inda ba mijin 'yar kowa da ke wucewa a ƙarƙashi."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya, har shi Tichan. Auta ta dafa cikinta ta kalli ubanta. Ya ce zai sauke. Da bakinsa ya faɗa, a gabansu.

Ya kuwa gwada. Washegari da aka tashi aiki ya kafa tsani, ya hau, ya ɗaga guduma. Hasken nan yana fitowa daga ciki yana dukan fuskarsa. Ya ɗan ƙwanƙwasa gefe, wani guntu kamar tafin hannu ya ɓalle ya faɗi ya tarwatse. Bai sake bugawa ba. Ya sauko ya tsugunna yana tattara gutsattsarin, ya rasa inda zai zuba su, sai ya sa a aljihun kwat.

Helma ya ce in Baba ya ga dama, shi da yara biyu za su yi. Baba Sanyi ya ce ba mai taɓa shi. Helma bai ja ba, har wata ajiyar zuciya ya yi, don shi ma ba so yake ya ɗaga hannu a kan wanda yake gaisarwa kullum ba.

Sai Ango ya matso, ya durƙusa.

"Baba, da za ka ba ni izini, ni da tsawo ko tsani ba na buƙata."

"Kai ne za ka ɗaga guduma a kan kakan matarka?"

Ango ya sunkuyar da kai. "Allah ya huci zuciyarka, Baba."

Dabarar ta zo masa ne ana gobe hutu. Kayan ɗaki na uku sun kusa ƙarewa, ya sa aka kwashe ragowar zuwa ɗaki na ɗaya da na biyu. Da kowa ya watse, ya jera baho uku a ƙarƙashin Tsoho, ya zagaya baya ya kashe injin ɗakin, ya bar ƙofar a ɗan buɗe. Ba guduma, ba hannun kowa. Bari Tsoho ya tafi da kansa, ɗigo-ɗigo, yadda tsofaffi ke tafiya in Allah ya yi musu sauƙi. Bai gaya wa kowa ba, don ya san Manaja ba zai yarda a kashe inji ba.

Ka ga, Baba Sanyi ya san ƙanƙara kamar yunwar cikinsa, amma da guduma ya san ta. Duk tsawon aikinsa bai taɓa barin inji ya mutu har ta narke a gabansa ba, wannan ne ma abin alfaharinsa. Shi ya sa bai san cewa irin wannan ba ta ƙasa take fara saki ba. Kwano ya fi ta saurin ɗaukar ɗumi. Inda ta kama silin, nan take fara zama ruwa, alhali cikinta yana nan da nauyinsa.

Ranar hutun bai iya zama ba. Ya shiga ɗaki, ya fito, ya gyara sarƙar keken da ba abin da ya same ta. Inna ta ce in kujerar ce ke cizonsa ya faɗa a canza. Bayan azahar ya hau keke ya tafi kamfani, ya ce wa mai gadi mantuwa ya yi. Ɗakin ya yi wani irin shiru da bai taɓa ji ba, ba fanka, ba gurnanin inji, sai ɗigo. Bahon sun cika sun tumbatsa. Galileo ya zube ya zama kududdufi, Lassell ya karye biyu. Tsoho kuwa bai ragu da komai ba, sai dai ya yi sumul yana sheƙi, kuma tsakaninsa da silin akwai wani siririn baƙin layi da da babu shi. Baba Sanyi ya kalli layin ya ce a ransa, to, ya fara sallama. Ya kwashi bahon ɗaya-ɗaya ya kai gindin bishiyar da ke bayan kamfani ya zuba a hankali, don bai ga ya dace ya zuba a kwata ba. Ya mayar da su ya tafi gida. Ya yi niyyar ya riga kowa zuwa da safe.

Da safen tayar kekensa ta yi faci. Mai faci bai fito ba, ya tura ta da ƙafa. Motar kayan kuwa, da ba ta taɓa zuwa a kan lokaci ba, ran nan ta yi sammako.

Tun daga bakin layi ya hango ta ta juya baya ta shiga. Da ya matso sai ya ji abin da ya sa ya saki keken a tsakar hanya: injin ɗaki na uku yana gurnani. Wani ya kunna. In injin nan ya tashi, bangon ɗakin gaba ɗaya rawa yake yi, ka dafa ka ji har haƙori.

Helma yana bayan mota yana faɗa da direba. A bakin ɗaki na uku ga silifas ɗin Ango a jere, ya canza zuwa takalmin roba. Shi ya riga kowa zuwa, ya ga inji a kashe, ruwa ya malale ƙasa, ya san in Manaja ya gani surukinsa ne zai sha kunya a gaban yara. Sai ya kunna inji, ya shiga ya kwashe bahon kafin a farga.

Baba Sanyi ya iso bakin ƙofa. Ango yana ciki, daidai ƙarƙashin Tsoho, ya ɗago baho cike da ruwa. Baƙin layin jiya ya buɗe har hannu zai shiga. Ruwa ba ɗigo yake ba, zuba yake, kuma hasken da ke ciki yana ƙyaftawa.

Ya ce, "Ango, fito."

Ango ya ji muryar suruki. Ya ajiye bahon a hankali don kada ya fantsama, ya durƙusa a inda yake.

"Ina kwana, Baba. An tashi lafiya? Ya su Inna?"

"Fito na ce!"

Bai taɓa yi masa tsawa ba. Ango ya zabura ya yo gaba da rarrafe, kansa da kafaɗunsa suka fito. Sai ƙarar ta zo, ba ƙas ba wannan karon, wata doguwa kamar ana yage kwano. Fitila ta ɗauke. Ƙasa ta girgiza, ruwa mai sanyi ya watso har ƙirjin Baba Sanyi.

Da idonsa ya washe, rabin Ango yana waje, rabi yana ƙarƙashin Tsoho. Bai fashe ba ma, haka ya sauko gaba ɗayansa. Ango bai yi ihu ba. Ya kafa haɓa a siminti, yana kallon takalmin surukinsa, yana numfashi ta baki.

'Yan dako suka taru suka sa hannu, ko motsi bai yi ba. Santsi, ba wurin kamawa. Helma yana cewa a kawo jak ɗin mota, wani yana cewa a kawo ruwan zafi. Baba Sanyi ya shiga ɗan ɗakinsa na gefen inji ya fito da guduma. Ya ture Helma, ya tsaya a kan Ango, ya ɗaga ta da hannu biyu ya sauke. Ya sake. Ƙanƙara tana tashi tana yankar fuskarsa, hular ta faɗi, bai tsaya ba. Ango kuwa daga ƙasa, duk bugu ɗaya sai ya ce, "A hankali, Baba." Ba a san ko don ƙafarsa yake faɗa ba.

Da aka zaro shi, ƙafar dama ta karye amma tana nan. Ta hagu, daga ƙwauri zuwa ƙasa, ba a iya raba ta da takalmin ba. A asibiti suka yanke ta ƙasa da gwiwa.

Manaja bai yi dogon surutu ba. Ya miƙa hannu, Baba Sanyi ya zuba masa makullai. Ya juya zai koma ofis, sai ya ga tsohon bai tafi ba.

"Akwai wani abu?"

"Gurbin yaron. Kada a ba wani."

"Wa zai ɗauki kayan? Kai?"

"Ai da dako na fara."

Manaja ya kalli farin kansa, ya kalli Helma. Helma ya kau da ido. Aka ba shi.

Yanzu in ka bi layin masu kifi za ka gan shi, ba kwat biyu, riga ɗaya ce da gammo, kwali a ka, yana tafiya ƙafa na karkarwa tsakanin mota da ɗaki. Wani yaro da bai kai ɗansa na fari ba shi ke riƙe da makulli, yana masa ihu, "Hagu, Baba, hagu." Mai shayi ya daina tsokanarsa. Kullum in an tashi, kafin ya je gida, sai ya biya ta gidan Auta ya ajiye abin da ya samu a ƙarƙashin kofin ruwa. Auta takan fito da ƙyar, hannu a ƙugu, ta ce sannu da zuwa, ta ajiye ruwa ta koma. Ba ta taɓa yi masa magana marar daɗi ba. Ba ta kuma sake kallon fuskarsa ba.

Ango yana kwance a tsakar gida, ƙafa ɗaya cikin filasta, ɗayar naɗe da farin bandeji inda ta ƙare. Yana ganin suruki sai ya fara kokawa da tabarma zai gyara zama.

"Kwanta abinka."

"An dawo, Baba? Ya aiki? Su Helma ba su cika maka kaya ba dai?"

"A'a."

"In sun cika ka faɗa min, in zo in same su." Ya yi 'yar dariya. Sannan ya ce, "Baba, don Allah in ba damuwa, silifas ɗina suna can. Gobe in ka tuna. Ƙafa ɗaya ma ta isa, ka ba Helma ɗayar, ya daɗe yana sonsu."

Shi kaɗai ya yi dariyar. Daga cikin ɗaki aka ji Auta ta ajiye wani abu da ƙarfi.

Washegari ya same su a bakin ɗaki na uku, a jere yadda mai su ya bar su. An share wurin, an wanke, an yi lodi a kai an sauke, amma kowa kewaye su yake yi. Ya ɗauke su duka biyu ya sa a leda ya rataya a kan keke.

A ƙofar gidan Auta ya jingine keken, ya buɗe ledar. Ya zaro na dama ya riƙe. Ya mayar, ya zaro duka biyun. Yana jin muryar Ango a ciki yana tambayar ko Baba ne ya iso, Auta tana cewa ba ta ji sallama ba. Aka kira magariba yana nan tsaye, takalmi ɗaya a kowane hannu.